Numeya ko Atina: da wace za ka yi koyi a bakin ruwa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce aikinka na kammala karatun zanen gine-gine shi ne cibiyar al'adu a cikin lambun shaƙatawa a bakin kogi, kuma ka rasa inda za ka karkata: ka cika rufin da sola da na'urar sanyaya ɗaki, ko ka bar iska da inuwa su yi aikin. Akwai cibiyoyi biyu da kowace ta bi hanyarta, kuma mutum ɗaya ne ya zana su, Renzo Piano ɗan ƙasar Italiya.

Ta farko ita ce Cibiyar Tjibaou da ke Numeya a Sabuwar Kaledoniya, tsibiran tekun Fasifik da ke ƙarƙashin Faransa. An buɗe ta a 1998, aka sa mata sunan Jean-Marie Tjibaou, jagoran al'ummar Kanak, 'yan asalin tsibiran, da aka kashe a 1989. Filin siriri ne, ruwa ta nan, ruwa ta can. Piano ya jera dogayen ɗakuna goma masu siffar bukkar Kanak, mafi tsawonsu mita 28, ya juya ƙeyarsu ga iskar teku. Bangon kowanne riɓi biyu ne: na waje sandunan katako ne da tazara a tsakaninsu, sai na ciki mai tagogin lufa. Idan iska ta yi laushi tagogin su buɗe, ta shiga ta ƙasa ta tura zafi ya fice ta sama. Idan ta tsananta su rufe, domin ƙasa ce ta guguwa. Katakon iroko ne, wanda kafintocinmu suka sani, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma an bar shi ba fenti yana komawa ruwan toka.

Abin da ya fi burge ni shi ne shigar. Akwai hanya mai lanƙwasa da ke ratsa shukokin doya da gwaza da itatuwan da Kanak ke girmamawa kafin baƙo ya isa ginin, kamar yadda a gidan Bahaushe sai ka bi ta zaure kafin ka ga tsakar gida. Lambun ma yana cikin abin da aka zo gani.

Ta biyu ita ce Cibiyar Stavros Niarchos a Atina ta ƙasar Girka, wadda aka kammala a 2016 a tsohon filin tseren dawaki. Babban titi ya raba wurin da teku, sai Piano ya tayar da tudu, lambun ya hau kan rufin ɗakin karatu na ƙasa da gidan wasan waƙe, har mai tafiya ya kai inda zai hango ruwan. A can sama akwai rumfa mai murabba'in mita 10,000 da aka shimfiɗe da sola. An dasa zaitun da tsirrai masu jure ƙishi, an haƙa magudanar ruwa mai tsawon mita 400. Kuɗin ya haura Yuro miliyan 500, gidauniyar Stavros Niarchos ce ta biya, ta miƙa wa gwamnati a 2017.

A ganina ka ɗauki Numeya a matsayin uwa. Ginin da ke sanyaya kansa yana nan da amfaninsa ranar da batir ya mutu kuma ba kuɗin canza shi, mu kuwa mun san wannan rana tana zuwa. Sola sai da wanki, kuma ƙurar hunturu ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ka sa solar daidai fitilu, fanka da famfo.

Amma kada ka kwafo Numeya ido rufe. Irokon nan daga Afirka aka ɗauko shi zuwa wancan ƙarshen duniya, tagogin kuma na'ura ke sarrafa su. Kai kana da jar ƙasa da za a matse ta zama bulo, kana da azara, kuma mai gadi zai iya buɗe taga da hannu. Iskarsu mai laima ce, tamu wata biyar busasshiya ce mai ƙura, saboda haka kana buƙatar bango mai kauri da hanyar rufe gefen arewa maso gabas.

Inda Atina ta yi fintinkau shi ne jama'a. Tana cikin unguwa, shiga lambun kyauta ne, ɗalibi ya zo karatu, tsoho ya zo miƙe ƙafa. Tjibaou kuwa tana gefen gari, sai wanda ya yi niyya. To ka tanadi inuwar zama, wurin alwala da salla, rumfar masu sana'ar hannu da filin dambe da kokawa, kada kuma ka katange gaɓar da masunta da masu wanki ke amfani da ita. Magudanar ado irin ta Atina ka bar ta, ruwan da ba ya gudu a ƙasarmu gidan sauro ne.

Sai ambaliya. Abin da kogin Kwara ya yi wa Yamai a 2020, da fashewar madatsar Alau a Maiduguri a 2024, sun isa gargaɗi. Je ka tambayi masuntan wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka ɗora daɓen ginin sama da nan, ka bar ƙasan ya zama lambun da zai sha ruwa ya bushe. Idan ka samo wannan awo, turo mana shi da taswirar filin mu duba inda ɗakin karatu zai zauna.