Wata guda ina atisayen intabiyu da manhaja, ga yadda muka kwashe

Ni fa matsalata ba rashin iya aiki ba ce. Shekara 6 ina lissafin kaya a sito, ko tsakar dare ka tashe ni ka ce in daidaita abin da ke rubuce da abin da ke jibge zan yi maka ido rufe. Amma a zaunar da ni gaban mutum uku a ce to Malam faɗa mana ko kai wane ne, shi ke nan sai yawun bakina ya ƙafe, in fara da sunana wanda ga shi nan a takardar gabansu, in gangaro firamare, kafin in iso kan aikin da nake nema har sun fara duba agogo. Intabiyu biyu na ɓarar a haka. Da aka sake kirana sai na ce wannan karon ba zan je da ka ba, na biya kuɗin wata guda a wata manhajar gwajin intabiyu. Ba zan kama sunanta ba, akwai inda zan caccake ta, kuma dama irinta sun yi yawa.

Yadda take aiki ba wuya. Za ka ɗora mata takardar tarihin aikinka da tallan aikin da kake nema, ita kuma ta haɗo tambayoyi ta dinga jefo maka da murya, kana amsawa kyamara na ɗauka. In ka gama ta rubuto duk abin da ka faɗa, ta ƙirga maka lokaci da saurin magana, ta ba ka maki bisa 100. A cikin kuɗin har da zama biyu da mutum na gaske ta bidiyo.

Ranar farko da na kalli kaina wallahi sai da na kife wayar. Tambayar da ya kamata in gama a minti biyu na ci minti 4 da 'yan kai, "eh to" sau 23, ga wayar na jingine ta a ƙasa ba abin da ake gani sai ƙofar hancina da silin, idona kuma a kan fuskata yake ba a kan kyamara ba, sai na zama kaman mai jin kunyar suruki. Wannan kaɗai ya fanshi rabin kuɗin, dan ba wanda zai gaya maka haka a cikin abokai, kowa cewa zai yi ai ka iya magana. Na tara littattafai na ɗaga wayar daidai ido, na juya ina fuskantar taga maimakon in ba ta baya.

Abu na biyu da na ƙaru da shi tsarin da suke kira STAR ne, na tambayoyin nan na "ba mu labarin lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki". Ka faɗi halin da ake ciki, sai nauyin da ke kanka, sai matakin da ka ɗauka, sai abin da ya haifar. Ba ƙirƙirarsu ba ce, har kamfanin Amazon ma shi yake ba masu neman aiki shawarar su bi. Manhajar tana nuna maka gaɓar da ka tsallake, kuma ni kullum sakamakon nake mantawa, in yi ta zuba labari in tsaya a tsakiya.

To makin nan fa shi ne tarko. Cikin kwana goma na gano lagonsa, in ka cusa kalmomin da ke cikin tallan aikin ka kuma rage "eh" sai ya yi sama ko da amsar fanko ce. Na hardace wata amsa tsaf na samu 91, ina ta jin kaina. Sai ga zama da matar da suka haɗa ni da ita, wadda ta ce ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata. Na karanto mata hardar nan tiryan-tiryan, yadda muka gano kayan da suka ɓace muka gyara tsari muka rage asara. Ta bari na kai aya sannan ta ce, "Malam, na ji abin da kuka yi. Kai me ka yi?" Ta yi shiru. Ni ma shiru, fanka kawai ke juyawa. Ashe duk labarin ban ce "na" ko sau ɗaya ba, alhali ni ne na zauna kwana uku ina bin rasit ɗaya bayan ɗaya har na gano ana shigar da kaya iri ɗaya da lamba biyu. Ta ce to wannan shi za ka faɗa, ka daina ɓuya a bayan jama'a, kuma ka bar harda, ka riƙe labari biyar ko shida da ka san ciki da wajensu ka dinga juya su yadda tambaya ta zo. Minti 30 ɗin nan sun fi min sati biyun da na yi ina farautar maki.

Sauran ƙorafin a gurguje: manhajar tana kasa jin lafazina ta rubuta shirme sannan ta rage min maki a kan shirmen da ita ta rubuta, daga sati na uku tambayoyin maimaici ne, batun albashi kuwa amsa ɗaya take so ko wane irin aiki ne. Tana shan data ba kaɗan ba. Kuma kuɗin sabunta kansa yake duk wata, wurin sokewar sai da na tona kaman mai neman allura.

In kana da wanda ya taɓa zama a kujerar masu tambaya kuma ba zai ji nauyinka ba, ka ɗauki kanka a waya ka kai masa, ba ka buƙatar manhajar. In babu, wata ɗaya ya isa, ka yi zaman mutum ɗin da wuri kar ka yi jinkiri irina.

Ranar intabiyun, cikin tambaya sama da 40 da na yi atisaye huɗu ne suka fito. Amma na gefen hagu, wani mai gilashi da bai ce uffan ba tun shigata, ya ɗago ya ce a cikin wannan aikin mene ne naka. Na ba shi labarin rasit. Sun ce za su kira cikin sati biyu, yau kwana tara.