Kayan zaƙi a Kano: wajen wa za ki saya, me za ki duba kafin ki biya

Duk wadda ta taɓa haɗa gara ko ta nemi tsarabar Kano ta san kayan zaƙi ba sa wuyar samu. Suna nan a Kasuwar Kurmi, suna nan a Kasuwar Rimi, ga shagunan zamani a Titin Zoo, ga masu talla a WhatsApp da Instagram. Wuyar ita ce samun wadda za ki amince wa hannunta. Na zagaya su duka, kuma har gobe ni ina wajen matan cikin gari masu suyar alkaki a gidajensu.

A wurina alkaki ne sarkin kayan gara, domin shi ne ba ya karɓar gaggawa. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙe ta luƙui ba, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami a bar ta ta kwana. Washegari a naɗe shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, a soya a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja ciki da waje, sannan a tsoma shi cikin zuma tun da zafinsa don ya sha. Mai kyau idan kika ɓalla shi za ki ji ƙaras, cikinsa da ƴan ƙofofi, zaƙin ya ratsa har tsakiya. Irin wannan yakan yi makonni a rufe bai canja ba, shi ya sa iyayenmu suka sa shi a gaba cikin kayan amarya.

Ba banza cikin gari ya fi ko'ina iya shi ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, fataken Larabawa ke shigowa Kano ta Sahara, kuma abincin alkama irin su gurasa da alkaki a unguwannin da suka zauna ya yi jijiya. Alkamar ma ba nisa take ba, ana noma ta da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga. Idan mai suyar ta ce miki da sabuwar alkama ta yi, ƙamshin kaɗai zai gaya miki gaskiyarta.

Dubulan yana da kyau a ido, amma fulawa ce da sukari, kwana kaɗan ya yi laushi. Cincin na cika bokiti ne. Nakiya ina girmama ta, sai dai masu dakan ta yadda ya kamata sun yi ƙaranci. Kek ɗin manyan shaguna kuwa kuɗin kwali da sanyin na'ura kike biya. Alkakin kasuwa ya fi araha, amma ba ki san ranar da aka soya shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Lokacin bikin ƙanwata na ba wata mai talla a waya aikin alkaki bokiti biyu, na biya kuɗin zuma cif. Hoton da ta turo ba laifi. Da aka kawo, na buɗe na ga saman ja-jawur, na rufe aka wuce da shi gidan ango. A can, gaban dangin miji, aka juye. Ƙasan duk gutsattsari ne, wasu sun ƙone, ga warin tsohon mai, kuma ko ɗigon zuma babu, ruwan sukari ne aka ƙona ya yi duhu. Gwaggonmu da ta kai garar ta dawo ba ta iya haɗa ido da kowa. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Saboda haka, ƴar'uwa, fara da mai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yana barin maƙaƙi a wuya, kuma zaƙi kan ɓoye shi a cizon farko. Ki tauna, ki haɗiye, ki ɗan jira. Sai zuma. Alkakin sukari ba laifi ba ne, da yawa ma shi ake yi yanzu saboda tsada, kuma idan an dafa sukarin da tsamiya ko lemon tsami yana daɗi. Cutar ita ce a karɓi kuɗin zuma a ba ki sukari. Ki tambaya ƙarara, ki ce a nuna miki zumar kafin a tsoma, ko ma ki sayo taki ki kai. Kada ki dogara da gwajin nan na ashana da ake yawan faɗa, wato a tsoma ashana a zuma a ƙyasta a ga ko za ta kama, masu algus sun daɗe da sanin sa. Akwai kuma masu ƙara fulawa ko garin masara a alkama don ta yi auki. Irin wannan yana fitowa fari-fari, da tauri kamar dutse ko kuma ya yi danƙo. Alawar madara da gullisuwa ma ba su tsira ba, ana cusa musu fulawa, za ki ji tana manne miki a ganɗa maimakon ta narke.

Kada ki karɓi bokiti a rufe. Ki sa a juye shi a faranti a gabanki, ki ga na ƙasa, ku ƙirga idan da ƙirga kuka yi ciniki. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan. Hajiyar da nake saya a wajenta yanzu ita da kanta take cewa, "Ɗiyata, ɗauki na ƙasan ki ɗanɗana."

Ki ba da aiki aƙalla mako biyu kafin biki, musamman gab da Sallah da hannaye ke cika. Ki ba da rabin kuɗi, sauran sai kin gani da idonki. In da hali ki leƙa gidan ranar suya ki ga kalar man da ke cikin kasko. Idan an kawo, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, kuma ki ajiye shi nesa da rana da tururuwa.