Yajin ƙuli na roba: ya dace a fara wa yara da shi?

A shagunan kayan masarufi na Kaduna, daga Kawo har Barnawa, da wuya yanzu a rasa robobin yaji jere a kan kanta: yajin ƙuli, yajin daddawa, yajin tafarnuwa, wani wurin har da yajin jego. Yawancinsu mata ne ke haɗawa a gida, su ɗura a roba su manna takarda, wasu kuma a WhatsApp suke tallarsu. Uwar da ke da ɗan shekara biyu ko uku, wanda da ya hango ja a abinci sai ya ture kwano, wanne za ta ɗauka? Yajin ƙuli za ta ɗauka, amma ba za ta ba shi yadda ya fito daga robar ba.

Yajin jego a ajiye shi gefe tun farko. Kimba da masoro da kanumfari da citta da aka cika masa don mai jego aka yi su, harshen yaro ba zai ɗauka ba. Yajin tafarnuwa kusan barkono ne zalla. Yajin daddawa yana da daɗi a kan tuwo ko ɗan wake, sai dai shi ma barkononsa a gaba yake, kuma ƙamshin kalwa kan kori yaron da bai saba ba.

Abin da ya fifita yajin ƙuli shi ne ita gyaɗar. Sinadarin da ke kawo zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Garin ƙuli-ƙuli yana da sauran mai a jikinsa, ga shi ya fi barkonon yawa nesa ba kusa ba, don haka zafin ba ya dukan harshe lokaci guda, a hankali yake tasowa bayan yaro ya riga ya ji garɗin. Shi ya sa za ki ga yaron da ya ƙi miyar attaruhu ƙememe yana lasar yajin tsire a jikin takarda. A garɗi kam, na roba mai kyau ba ya da abin kushewa. Laushinsa ma ya fi na mai tsire, tun da an tankaɗe shi.

Aibinsa babba gishiri ne da dunƙule. Masu haɗawa sun san abin da ke sa a dawo a sake saya, sai su sake hannu. Dunƙule ɗaya ƙarami giram 4 ne, kuma wajen rabinsa gishiri ne. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce ɗan shekara 1 zuwa 3 kada gishirinsa na yini ya wuce giram 2, ɗan shekara 4 zuwa 6 kuma giram 3. Cokalin shayi ɗaya na gishiri ya kai giram 5 zuwa 6. To yaron da aka riga aka sa wa gishiri a miya da taliya, aka kuma barbaɗa masa irin wannan yaji sau biyu a rana, yana iya tsallake iyaka ba a sani ba. Akwai kuma wata illar: sai ya koyi son dunƙule a maimakon yaji, ranar da aka ba shi mara dunƙule ya ce babu daɗi. Gwajin ba wuya. Ki ɗora kaɗan a kan harshe. Idan gishiri ne ya fara gaishe ki kafin gyaɗa, wannan robar ta manya ce.

Na biyu, zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Robar wannan watan da ta watan gobe, daga hannun mace guda, sai su bambanta, domin ya danganta da irin barkonon da ta samu a Bakin Dogo ko kasuwar Kawo ranar Talata. Busasshen tattasai da shambo suna da sauƙi, ƙananan barkono sun fi su cizo, busasshen attaruhu kuwa ba a magana, danginsa kan kai 100,000 zuwa 350,000 a ma'aunin zafin barkono na Scoville. Takardar jikin robar ba ta faɗar wanne aka sa. Galibi suna ne kawai da lambar waya, babu ranar haɗawa, babu jerin kayan ciki, wasu babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Saboda haka kowace sabuwar roba sai babba ya ɗanɗana kafin ta je bakin yaro. Citta ma haka. Tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023 citta ta yi tsada, wasu masu haɗawa suka rage ta suka cike gurbin da barkono, alhali ɗumin citta ya fi sauƙin karɓa ga yaro.

Sai a duba launi da ƙamshi. Yajin ƙuli na gaskiya ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja. Wanda ya yi jawur kamar an rina shi, kuma ba shi da zafin da ya kai wannan jan, abin zargi ne, a bar shi a kanta. Wanda ya dunƙule ya yi gudaji, ko yake warin tsohon mai, ko yake ɗaci a maƙogwaro, ya kwana biyu. Da damina, musamman watan Agusta da danshi ke yawa a Kaduna, hakan ya fi faruwa. Gyaɗa da busasshen barkono idan suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar aflatoksin, wadda ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ƙaramar roba daga wurin da ake yawan ciniki ta fi babba mai arha.

Gyaran robar da aka saya yana da sauƙi. A samu ƙuli-ƙuli sabo, wanda ba a sa masa barkono ko sukari ba, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi. Turmi ya fi inji a nan, domin injin unguwa bai rasa ragowar barkonon wanda ya riga ki niƙa, kuma zafin inji kan sa ƙuli ya fitar da mai ya cuɗe. A haɗa cokali 1 na yajin roba da cokali 4 na garin ƙuli. Wannan haɗin ya rage zafi da gishiri lokaci guda. A tsaya a kansa kamar mako biyu. Idan yaro na ci ba ya hura baki, a koma 1 da 3, daga baya 1 da 2. Babu dalilin gaggawa zuwa yajin zalla kafin shekara biyar ko shida.

Yadda ake ba shi ya kai haɗin muhimmanci. Kada a barbaɗa shi busasshe ga ƙaramin yaro: garin kan tashi ya shiga hanci ko ya ƙware shi, tari ɗaya kuma ya isa ya sa ya tsani yaji wata guda. A kwaɓa abin da yatsu biyu suka ɗebo da rabin cokalin man gyaɗa, a ajiye a gefen faranti, ya dangwala da kansa. Soyayyen dankalin Hausa, awara, dafaffen ƙwai, ɗan wake da garau-garau duk sun dace, domin abinci ne masu nauyi da ke shanye zafi. Kada a cakuɗa shi cikin abincin gaba ɗaya, in ya ƙi, ya zama ya rasa abincin rana ke nan. Ya fi kyau a gwada da rana, ba lokacin da yunwa ta ci shi har yana kuka ba, kuma a tare da yayyensa, don yaro abin da ya ga Yaya na ci shi yake miƙa wa hannu. Ƙi na farko ba hukunci ba ne, yara kan buƙaci a gabatar musu da sabon ɗanɗano sau goma ko fiye kafin su karɓa.

Idan zafi ya kama shi, kindirmo ko madara za a ba shi, ko lomar shinkafa fara. Ruwa yaɗa zafin yake yi a baki. A wanke masa hannu da sabulu da zarar ya gama, kafin ya kai ido. In ya riga ya murza, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon na mintuna da dama.

Akwai waɗanda wannan yaji bai dace da su ba sam. Jaririn da bai cika shekara ba, saboda gishirin. Yaron da ke gudawa ko yake da gyambo a baki, sai ya warke. Wanda bai taɓa cin gyaɗa ba kuwa, a fara gwada shi da garin ƙuli zalla ɗan kaɗan, da safe, a zuba masa ido. Ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe, amai ko sarƙewar numfashi alamar jikinsa bai karɓi gyaɗa ba ne, sai asibiti nan take, kuma yajin ƙuli ya fita daga lissafi. Zancen da ake yi cewa yaji na haifar da gyambon ciki ba haka yake ba, wata ƙwayar cuta ce da wasu magungunan kashe ciwo suka fi jawo shi, sai dai yaji kan tayar wa mai shi da raɗaɗi. Masu shafa barkono a babban yatsan yaro don ya daina tsotso, ko masu yi masa barazana da shi in ya yi rashin ji, su sani sun riga sun gaya masa yaji horo ne, kuma da wuya ya yarda ya dangwala bayan nan.

Haɗin da aka sirka a zuba shi a kwalba mai murfi, a nesa da murhu, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. A yi na mako biyu zuwa uku kawai, domin sabon garin ƙulin da aka ƙara yana iya juyawa in ya daɗe.