Hattara da mai sayar da “badon Turai” a cikin Maradi

Jama'a, assalamu alaikum. Na so in yi shiru don kunya, sai na ji jiya mutumin da ya cuce ni ya shiga gidan wata hajiya a Ali Ɗan Sofo da hotunan nan dai da ya nuna mini. Shi ya sa na ce gara in faɗa.

Bara da kaka na yi niyyar yin ɗan kududdufin ado a tsakar gida, gefen bishiyar lemo, in zuba kifi kaɗan. Na ga tallarsa a Facebook, muka koma WhatsApp. Washegari sai ga shi a kan kabu-kabu, mutum mai ladabi, ko wace magana “Alhaji, ran ka ya daɗe”. Ya buɗe waya yana nuna mini furanni ja da shuɗi kwance bisa ruwa, ya ce bado ne irin waje, daga Kwatanu ake kawo masa. Muka shirya a kan jika tamanin da biyar: gina rami, shimfiɗa, tsirrai da kifi. Ya karɓi hamsin a hannu.

Cuta ta farko a shimfiɗar take. Ya ce tamfol ne na musamman. Ashe baƙar leda ce marar kauri, ya ninka ta biyu. Ƙasar Maradi kuwa kun san ta, yashi ce, ko huda ɗaya aka samu ta shanye ruwan. Da na ga ruwa yana raguwa na kira shi, ya ce rana ce. To, a watan huɗu da na biyar, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rana kan sha wajen santimita ɗaya a wuni. Nawa taƙi guda yake sauka cikin dare, kuma cikin sanyin hunturu.

Amma abin da ya fi ci mini rai tsirran ne. Ya kawo su cikin bokiti, ya watsa bisa ruwa, ko ƙasa babu. Na ce, Malam, ba a dasawa? Ya ce ai na zamani ne. Sati uku ba su cika ba, ba ka ganin ruwa sam. Da asuba sai in tarar da karfasa sun taso suna haki a ɗan gefen da ya rage, ana haka suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sake kira, ya ce cuta ce ta kama su, in aika jika goma na magani. Na aika, Allah Ya yafe mini wautata. Daga ranar lambar ta daina shiga.

Wani dattijo masunci da ke kawo mana kifi daga Madarumfa shi ya warware mini. Ya tsamo ɗaya, ya matse gindin ganyen da yatsa, ya fashe kamar soso. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, wannan kuɗi ka sa ka saya? Ai wannan biya ake yi a kwashe ta.” Ita ce ciyawar da masu Faransanci ke kira jacinthe d'eau, asalinta daga Kudancin Amurka, wadda ta addabi masunta da masu kwalekwale a kogin Kwara wajen Yamai. Cikin kamar sati biyu takan ninka kanta, ta rufe fuskar ruwa, haske ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare. Sauro kuma ya samu maɓoya a cikin saiwoyinta.

Gane ta ba wuya. Ganyenta a tsaye yake, mai sheƙi, gindinsa a kumbure, saiwoyi baƙaƙe kamar gashi suna reto cikin ruwa. Furenta ruwan makuba ne mai haske da ɗigon rawaya a sama. Kyau kam tana da shi, nan ne tarkon. Bado na gaske ganyensa kwance yake bisa ruwa kamar faifai, da tsaga guda, kuma in ka bi doguwar igiyarsa za ta kai ka ga tushe a cikin laka. Duk wanda ya ce maka bado ne amma bai zo da tushe ba, ƙarya yake. Har kainuwa na ji yana haɗawa a ciki, ita da ake wa kirari da dashen Allah, wai jika ɗaya ko wane kai.

Yanzu na sake aikin da magini, da siminti. Sai da na jiƙa shi na zubar da ruwan sau da yawa kafin in sa kifi, don sabon siminti kashe su yake. Ruwan famfo ma ina barin shi ya kwana biyu. Badon kuwa dattijon nan ya kawo mini tushe uku, ya ƙi karɓar komi sai kuɗin mota. Na dasa su cikin tsohon kwando da laka mai danƙo, na danne da tsakuwa, a zurfin kamar rabin mita, inda rana ke samun su fiye da rabin wuni. Biyu sun kama.

Wanda ya riga ya sayi ciyawar nan, don Allah kada ya kwasa ya zubar a Gulbi ko a lambatu, ruwan damina zai kai ta tabkuna, kuma irinta yana daɗewa shekaru a cikin laka bai mutu ba. A baza ta bisa tudu ta bushe ƙurmus, sannan a ƙone. Tawa kwana tara ta yi a rana kafin ta daina kore.

Saƙonninmu da takardar aika kuɗin duk suna hannuna. Ranar Litinin da safe zan kai su komisariya, kuma in akwai wanda ya faɗa hannunsa, ya zo da nasa mu shiga tare.