Sharhi kan wasan Animal Crossing: New Horizons ga masu fama da fargaba da ciwon damuwa

Kamfanin Nintendo ya fitar da wannan wasan bidiyo a ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ta kulle jama'a a gidajensu, kuma tun daga lokacin ake ambatonsa a matsayin wasan da ke kwantar da hankali. Yabon yana da tushe, sai dai a ganina an ɗora wa wasan nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Mai wasa yakan sauka a wani tsibiri da babu kowa, ya kafa tanti, sannan ya shiga kamun kifi, dashen itatuwa da tono ƙasusuwan tsofaffin halittu domin kai su gidan tarihi. Babu abokin gaba, babu mutuwa, kuma ko bashin gidan da Tom Nook, dabbar da ke kula da harkokin tsibirin, yake bayarwa ba shi da kuɗin ruwa ko wa'adin biya. Agogon wasan yana tafiya ne da na zahiri, saboda haka ginin da aka fara yau sai gobe zai kammala. Wannan jinkiri shi ne babban amfaninsa ga mai fargaba, wanda tunaninsa kullum yake riga shi zuwa ga masifar da ba ta auku ba, domin a nan gaggawa ba ta ƙara masa komai. Mai ciwon damuwa kuwa, wanda ko tashi daga shimfiɗa yakan yi masa wuya, yana samun ƙaramin aiki mai farko da ƙarshe wanda zai iya gamawa.

A 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford, ciki har da Andrew Przybylski, sun yi amfani da ainihin bayanan lokacin wasa daga Nintendo, suka ga 'yar alaƙa tsakanin yin wasan da jin daɗin rai. Amma binciken da suka biyo da shi a 2022, wanda ya ƙunshi 'yan wasa kusan 39,000 na wasanni daban-daban, bai nuna cewa yawan sa'o'in wasa yana sauya walwalar mutum sosai ba.

Akwai kuma abubuwan takaici. Gatari da shebur suna karyewa, maganganun maƙwabta, wato dabbobin da ke zuwa su zauna tare da mai wasa a tsibirin, suna maimaituwa, sannan ziyartar tsibirin aboki ta intanet, wadda ita ce ta fi rage kaɗaici, sai an biya kuɗin rajistar Nintendo Switch Online, wato hidimar intanet ta kamfanin. Wanda ya daɗe bai shiga ba zai tarar ciyawa ta tsiro, maƙwabta suna cigiyarsa, kuma hakan yana iya zama wani sabon nauyi ga mai saurin zargin kansa.

Ina ba da shawararsa ga mai neman abin da zai sassauta masa zullumi na ɗan lokaci. Wanda damuwarsa ta kai ga hana shi barci ko cin abinci, ko tunanin cutar da kansa, ganin likita ya kamace shi tukuna, wasan ya biyo baya.