Wane ma'auni ya dace da kafewar yaro mai otizim?

Yaron da ba ya shan kunu sai a jan kofinsa, ko wanda zai zube ƙasa yana ihu don mai Keke ya sauya hanyar Wunti a Bauchi, a gida taurin kai ake ce masa. A wajen mai otizim, wanda wasu ke kira galahanga, kafewa ce kan abin da ya saba, kuma ana auna ta. Sai dai kowane ma'auni da aikinsa.

Mafi arha, wanda muke so a fara da shi, littafin rubutu ne da aka raba shafinsa gida huɗu: me ya faru kafin rikicin, me yaron ya yi, minti nawa kafin ya huce, me gida ya fasa saboda shi. A yi mako biyu, har da lokacin Islamiyya. Gida na huɗun shi ne gishirin aikin. In takalma yake jerawa ba wanda ya takura, a ƙyale shi. In makaranta ya rasa sau uku, to akwai magana. Kuskuren da aka fi yi shi ne bari sai dare a rubuta, sai a tuna manyan rigingimu kawai.

Bayan littafin, akwai ma'aunan da ƙwararru suka tsara, waɗanda ake kira da gajerun sunayensu na Turanci. RBS-R tambayoyi 43 ce, iyaye ke cikewa da maki 0 zuwa 3, kuma ita ta fi taɓa nacin komai ya zauna yadda yake. BRIEF-2 ta 'yan shekara 5 zuwa 18 ce, da takardar iyaye da ta malami, wani ɓangarenta na auna yadda yaro ke sauyawa daga aiki zuwa aiki. Sayenta ake yi, ƙwararre ke fassara sakamakon. Vineland-3 kuwa wanka, sa kaya da mu'amala take dubawa, wato inda kafewar ke yin ɓarna. ADOS-2 na tabbatar da otizim ne, kada a biya kuɗinsa don auna kafewa.

Waɗannan huɗun duk da Turanci aka tsara su, a kan yaran Amurka. Don haka in kun je sashen yara na Asibitin Koyarwa na ATBU a Bauchi ko na Tarayya a Gombe, ku tambayi likita wanne suke da shi, wa zai fassara. Wanda ya cike takardar yau shi zai cike bayan wata shida. In uwa ta fara kaka ta ƙarasa, makin ba zai kwatantu ba.