Ajin rubutun da na kai 'yata a Ƙofar Ƙaura

Da dogon hutun nan na sa 'yata mai shekara 15 a wani ajin koyon rubutu da adabi a wajen Ƙofar Ƙaura da ke Katsina, Asabar da Lahadi, sati shida. Ni dai burina ta ajiye waya.

Malamar ta san aikinta. Ranar farko ko littafi ba ta raba ba, cewa ta yi kowa ya je wurin kakarsa ya samo tatsuniya, ya rubuto ta yadda tsohuwar ta faɗa. Hajiyarmu har da gyara zama, ta yi ta zuba labarin Gizo da Ƙoƙi har bayan isha'i. Sai daga baya aka shiga ƙa'idojin rubutu. Yanzu ni yarinyar nan ke yi wa gyara a WhatsApp, wai "Baba, kafa daban, ƙafa daban."

An kuma kai su tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda ta koma gidan tarihi, inda Abubakar Imam ya yi karatu, sannan suka karanta Ruwan Bagaja da ya rubuta don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma yaran sun yi yawa, ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, in aka ɗauke wuta sai gumi. Rubutacciyar waƙa kuwa a gurguje aka yi ta, kari (ma'aunin baiti) da amsa-amo (daidaituwar sautin ƙarshen baiti) duk a rana guda. Labarin da ta rubuta aka karɓa a sati na huɗu har yau ba a dawo mata da shi ba, kullum sai ta tambaya.

Ƙanenta ma zan kai shi hutu mai zuwa, in sun raba ajin biyu.